Randar da Baba Ya Bari

Rana a Alentejo ba ta san wasa ba.
Tun watan Yuni take gasa duwatsu
har ƙadangare ya roƙi inuwar zaitun.
Nan mahaifina, Custódio, ya dasa inabi
a jar ƙasa mai ƙishi,
ya ce da mai tallan maganin feshi:
"Koma da jarkarka.
Tumakina sun fi ka sanin ciyawa,
kashinsu ya fi buhun takinka."

Shekara tara maƙwabta na dariya.
Gonar Amílcar kore shar, rassa na rinjaya,
tamu kuwa 'ya'ya ƙanana, baƙaƙe, masu kaurin fata,
nono guda bai cika tafi ba.

Ya rasu saura mako uku a yi girbi.

Ni da ƙanena muka tattake da ƙafa
har ƙaurinmu ya rine,
muka ɗura a randar da ta fi ni tsawo,
wadda kakansa ya shafe cikinta da ƙaro da kakin zuma.
Ba mu ƙara komai ba.
Ba mu ma san abin da ake ƙarawa ba.

A Nuwamba muka zare toshiya.
Ya fara da ɗigo, kamar mai jin kunya,
sannan ya zubo ja, ja har ya yi duhun hanta.
Na sunsuna: busasshen ɓaure,
ƙasa bayan yayyafin farko,
da wani abu mai kama da rigar Baba.
Na kurɓa, bauri ya ɗaure mini harshe.

Inna Idalina ta karɓe kofin.
"Wannan ba na sha a tsaye ba ne.
Maiƙo yake nema, shi zai kwance shi."
Ta ɗora ɗan rago a kasko tun hantsi,
tafarnuwa, albasa, na'a-na'a daga bakin rijiya,
ta shimfiɗa burodin shekaranjiya a ƙasan akushi
don ya sha romo ya manta da tsufansa.
Ga cukun tumaki mai cizon dasashi,
ga zaitun da aka fasa da dutse.
Ƙanena ya ce a soya kifi.
"Kifi? Zai take shi kamar giwa a gonar wake."

Muna ci aka ƙwanƙwasa.
Amílcar ne, hula a hannu,
ya zo gaisuwar da ya makara da ita wata uku.
Inna ba ta ce komai ba, ta tura masa akushi.
Ya ci loma, ya kurɓa,
ya daɗe yana kallon kujerar da ba kowa.
"Yana da taurin kai," in ji shi.
Inna ta ce, "A gida ya gada."

A waje wata tunkiya ta yi tari.
Almakashin aske rassa na rataye a ƙusa,
ban taɓa riƙe shi ba,
ga Janairu na tafe.