Hanji a Waje

Babana Nomau ya shekara talatin yana cin bashi
a rumfar Labbo mai taki, nan Aliero,
ban sani ba sai ranar da muka kai shi makwanci.
Labbo ya ja ni bayan masallaci, ya buɗe littafi,
ya nuna layi ɗaya da farce, ya rufe saura da tafin hannu,
ya ce, "Waɗannan na wasu ne. Biya in ka sami sarari."

Littafin nan a ƙarƙashin buzunsa yake kwana.
Manja ya taɓa shi, ruwa ya taɓa shi,
ido bai taɓa shi ba.
Rabin unguwarmu na ciki,
amma ba wanda ya san nauyin wani a gari.

Bashi hanji ne, in ji manya, yana cikin kowa.
Na yarda. Amma a ciki suka ce.
Ba su ce a rataye shi a ƙugiyar mahauci ba,
ƙuda na bi, 'yan kallo sun yi jeri.

Bara albasa ta ci amanata.
Buhu arba'in na jibge ina jiran farashi,
zafi ya shiga, ta ruɓe daga ƙasa.
Injin ban-ruwa na son fetur, Ige na gadon asibiti,
sai wani yaro ya nuna mini bashin waya:
dubu sittin, ba shaida, ba jingina, kuma da sauri.

Suka ce danna nan, na danna.
Rubutun ƙanana ne, baƙaƙe, kamar irin albasa.
Ashe lambobin da ke wayata na miƙa musu, sun fi ɗari.

Kwana goma sha ɗaya na makara.
Ranar Laraba saƙo ya shiga wayar surukina,
ya shiga ta liman, da ta malamin ɗiyata,
da ta direban da ke kai mini kaya kudu,
har ta wani da na sayi akuya wurinsa sau ɗaya a Jega:
hotona, sunana, da kalmar maci amana.
Da asuba liman ya riƙe hannuna, ya daɗe, bai ce komai ba.
Riƙon nan ya fi mini zafi da mari.

Na sayar da injin na biya, har da abin da suka ɗora.
Na ce an wuce wurin.
Bana na hau mota zuwa Birnin Kebbi neman rancen noma.
Wata yarinya a banki, sa'ar ɗiyata, mai ladabi,
ta buga lambata, ta yi jim,
ta ce, "Baba, makinka ya yi ƙasa."
Wane maki? Wa ya zaunar da ni jarrabawa,
ba sanarwa, ba shiri?

Na ce juyo mini allon in gani.
Ta ce sai na cike takarda, na jira.
Ita ta gani, manajanta ya gani,
wani can da bai san warin ruɓaɓɓiyar albasa ba ya gani,
ni mai hanjin sai na bi layi kafin a ba ni labari.

Na san ba a rubuta Ige da ledar jini a ciki ba,
ko shekara ashirin da ban riƙe wa kowa kwabo ba.
Kwana goma sha ɗayan nan kawai,
an kafe su, sun fi tsakuwa tauri.

Labbo ya tsufa, ido ya tafi.
Ɗansa ke rumfa yanzu, ya mai da littafin cikin waya.
Jiya ya ce in ɗauki buhu biyu, ya rubuta.
Na dubi wayar, na dubi buzun a naɗe a lungu,
na ce a bar shi, bana rabin fadamar zan noma.
Ina fita tsohon ya gane muryata daga tabarma,
ya ce, "Ɗan Nomau, Allah ya rufa asiri."