Aljihu Na Goma Sha Bakwai

A bakin ƙofar ajinmu a Iloilo
akwai wani shuɗin ƙyalle rataye da ƙusa biyu,
aljihu arba'in da biyu, kowanne da lambarsa.
Malama Perpetua ce ta ɗinka shi da hannunta,
ta rubuta a samansa da jan zare:
Waya a nan, hankali a ciki.

Dokar ba ta da yawa, amma ba ta lanƙwasuwa.
Ka toshe wa wayarka baki kafin ka taka dokin ƙofa.
In ta yi kuka a aji, sai Juma'a ka gan ta.
Hoton majiyyaci kuwa, ko na ɗan yatsan ƙafarsa ne,
ka naɗe fararen kayanka ka nufi tashar jirgin ruwa.

Mun yi gunaguni, mun haɗiye tsaki.
Dionisio ya ce ai wayarsa ce ƙwaƙwalwarsa.
Malama ta ce, "To rataye ta, mu ga abin da ya saura."

Ta sa muka sayi agogon maƙalawa a ƙirji,
mai siririn hannun daƙiƙa, irin na kakanni.
"Shekarar da guguwa ta ɗauke wuta kwana tara,"
in ji ta, "yatsu uku da agogo suka rage mini,
da gado sittin."

Ranar Talata, ruwa na dukan kwano kamar mai bin bashi,
aka haɗa mu bibbiyu, darasin bugun jini.
Na kama wuyan hannun Marilou,
'yar masunci daga Guimaras,
mai dariya kamar an fasa kwakwa.
Yau ba dariya.
Na ɗora yatsu, na zuba wa agogo ido.
Abin da ke ƙarƙashin fatarta ba tafiya yake ba,
tsalle yake,
kamar kifin da aka jefo cikin kwalekwale.
Na sake ƙirgawa, ko ni ce na yi kuskure.

Can bakin ƙofa ƙyallen nan na rawar ɗari.
Aljihu na goma sha bakwai
ya girgiza, ya yi shiru, ya sake girgiza.

"Nawa?" in ji Malama.
"Ɗari da goma sha takwas."
"A zaune?"
"A zaune."
Ba ta dubi littafina ba.
Ta dubi leɓen Marilou da ya bushe,
ta bi idonta har inda ya kafe.

Sai ta taka, ƙwas, ƙwas, zuwa ƙofa,
ta zaro wayar da hannun da ya ɗinka aljihun.
"Je ki baranda. Minti biyar."

Mu arba'in da ɗaya, ba mai ko tari.
Ta taga bayanta kawai muke hange:
kafaɗa ta ɗaga, ta tsaya cak,
sannan ta sauka sannu
kamar an sauke mata buhun shinkafa.
Jirgin babanta ya kwana biyu a teku.
Da asuba aka tsince shi,
inji ya mutu, mutum da ransa.

Ta dawo, ta mayar da wayar aljihun da kanta,
ta miƙo mini hannu jiƙe da ruwan sama.
Tamanin da huɗu.

Dionisio ya ɗaga yatsa: "Malama, dokar fa?"
"Tana nan inda ka bar ta. Ku buɗe shafi na sittin."
Da ta zo giftawa ta gefena ta rage murya:
"Da taki wayar na tafinki,
da wanne hannun za ki ji?"

Da yamma na zaro tawa daga aljihu na tara.
Saƙo goma sha ɗaya, rabi talla ne,
ɗaya na Inna daga gidan aikatau a Hong Kong:
kin ci abinci?
Na amsa da babban yatsa cikin cunkoson mota,
sauran ukun na kan cinyata,
har yanzu suna jin kifin nan.