Kifin Ranar Talata

Shekara arba'in da uku ina hawa da sauka
a matakalan Valparaíso,
ban taɓa zaɓar wadda zan bi ba.
Herminia ce ke cewa, "Ta hagu, Eliodoro,"
ni kuwa in bi, raƙumi da akala.

Yayata ce.
Ita ta samo mini aikin gyaran koma a bakin teku,
ita ta zaɓi launin ƙofarmu.
In ta ce miya ta yi daɗi, sai in ce ta yi,
harshena kuwa na kuka da gishiri.
Na rabu da Nélida mai sayar da furanni
don Herminia ta ɗaga gira, sau ɗaya tak.

Sai aka kwantar da ita a Santiago,
aikin ƙugu, kwana goma sha ɗaya.
Na tsaya da riguna biyu a hannu,
shuɗiya da fara,
har rana ta nutse cikin teku.
Na kira ta sau ashirin da bakwai.
A na ƙarshe ma'aikaciyar jinya ce ta ɗauka,
ta ba ni lambar wata likita.

Tagar Likita Araneda tana kallon jiragen dakon kaya.
Ta ce, "Ba lalaci ba ne, ba wauta ba.
Abin yana da suna a wurinmu:
dogaron da ya wuce kima har ya zama hali.
Tsoro ne ya yi shigar ladabi."
Ta tambaye ni tun yaushe.
Na tuna ina ɗan shekara shida,
teku ta haɗiye babanmu,
mama ta kama wuyan hannuna ba ta sake ba,
da za ta rasu ta miƙa shi ga Herminia
kamar wani gado.

Na ce, "To, Likita, me zan yi?"
Ta yi shiru, ta bar ni da tambayata.
Ashe kauci ne ni, ina neman sabon reshe.
Ta ce, "Ba zan zama yayarka ta biyu ba.
Ƙwaya tana iya rage bugun ƙirji,
amma ba ta iya zaɓar riga."
Mako guda ina jin haushinta.
Ranar da na faɗa mata, murya na rawa,
ta ce, "Madalla. Yau muka fara."

Aikin gida: ranar Talata, kasuwar kifi,
waya a kashe cikin aljihu.
Mai kifi ya ce, "Wanne?"
Tsuntsayen teku na ihu kamar sun san sirrina.
Gumi ya jiƙa mini baya.
Na waiga, babu kowa,
sai wata tsohuwa da ke jira in matsa.
Na nuna wani dogo mai jan ido.

An yi mini tsada.
Ƙaya ta fi tsoka yawa,
na kuma ƙona gefe ɗaya.
Na zauna na cinye shi tas.
Kuskure ne, amma nawa ne,
ban taɓa mallakar ko ɗaya ba kafin ranar.

Herminia ta dawo tana dogara sanda.
Ita ma koyo take:
in na yi tambaya sai ta cije leɓe,
amsar na yi mata ƙaiƙayi a baki.
Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na yarda,
amma sai kowanne ya san nauyi.

Ban warke ba.
Jiya ma na kira ta sau uku daga bakin teku,
na huɗun na mayar da wayar aljihu.

Asabar na shafe ƙofar da ruwan ɗorawa.
Ta duba ta ce, "Bai yi kyau ba."
Na ce, "A'a. Ni ya yi mini."
Na riƙe numfashi ina jiran ƙasa ta girgiza,
a garin nan ba ta jiran dalili ma.

Ba ta motsa ba.
Herminia ta ja kujera,
ta ce, "Shayi ko kofi?"
ta tsaya tana jira.