Mai Tsaron Giɓi

A shagon askina, bayan tsohuwar masana'antar sukari,
nan San Pedro, inda gishirin teku ke cin ƙofofin ƙarfe,
doka ɗaya na kafa wa ranar Asabar:
zancen da aka ɗauko, shi za a sauke.

Yau besbol ne, kuma ba dukansa ba.
Mutum ɗaya tak,
wanda ke tsaye tsakanin zango na biyu da na uku,
a duƙe kamar mai neman allura cikin yashi,
yana jiran ƙwallon da ba ta yi masa alkawarin komai ba.

Na ce, ƙafa ce sirrin. Hannu ɗan aike ne.
Tun sanda ba ta sumbaci ƙwallo ba
gwani ya riga ya saci taku ɗaya hagu.

Nicanor, da kumfa har kunne, ya ce,
"Ai yaron nan bara sau talatin ya tsallakar da ita katanga!"
Na ɗaga aska daga maƙoshinsa.
Na ce, bugu sai wata Asabar, Nicanor.
Yau tsaro muke.

Eladio ya zaro takarda daga aljihu,
lissafin da jikansa ya fitar masa:
kuskure goma sha ɗaya a kaka guda.
Madalla, wannan yana bisa hanya.
Sai dai takarda ba ta ƙirga
ƙwallon da rago ya raka da ido.
Wanda bai je rafi ba, yaushe zai fasa tulu?

Daga kuskure aka faɗa albashi,
daga albashi sai dala,
daga dala sai kuɗin shinkafa a kantin Fermín,
sai wutar da aka ɗauke tun Laraba,
sai wane ɗan majalisa, sai surukar wane.
Zance akuya ne, ko ka ɗaure sai ya ci igiya.
Na tare shi ta dama, ya zille ta hagu,
na yi sufa, na cafko shi da ƙyar,
na jefa shi inda ya fito:
ƙafa, jama'a! Muna maganar ƙafa!

Eufemia ta ajiye kofi, ba ta ko dube ni ba.
"Shekara arba'in da barin fili," in ji ta,
"har yau kana tsaron giɓi."

Aka yi dariya. Fanka ta tsaya cak.

Can ƙurya Wilfrido, wanda bai ce uffan ba tun safe,
ya juya hularsa a gwiwa, ya ce,
"Ka tuna Ulises?"

Ulises na zango na biyu.
Shekara tara ina jefa masa ƙwallo ban duba ba,
bai taɓa rashin zama a wurin ba.
Ba shi da takalmi sai na aro.
Yana tauna rake tsakanin wasa, yana tofar da ɓawo a ƙafata.
Watan jiya muka kai shi, cikin ruwan sama,
da tsohuwar safar hannunsa a ƙirji.

Nicanor ya yi ƙasa da murya:
"Maigida, wannan fa ba ya cikin zance."

Na sani.
Na gan ta tafe, a hankali, tana birgima,
irin wadda ko yaro zai ɗauka.
Na buɗe ƙafafu na bar ta ta wuce.
Eladio, rubuta mini kuskure ɗaya.

Muka yi ta Ulises har rana ta karkata,
kumfar Nicanor ta bushe a fuskarsa.

A waje, kan titi, wata yarinya
da kwalin madara a hannu maimakon safa
ta duƙa tana jiran murfin kwalba.
Kafin ɗan'uwanta ya kaɗa sandar tsintsiya
na ga ta saci taku ɗaya hagu.
Ban nuna wa kowa ba.