Littafin Nomau Mai Gadi

Bayan Kware, inda hanyar jakai ta ƙare,
inda ƙasa ke fara tsotsar takalmi,
akwai ɗan kurmi da bai kai gonar hakimi ba.
Ka zagaye shi kafin kunu ya huce.
Nan aka ba ni gadi,
da sanda, da littafi, da biro mai gardama.

Da can ni ne mai tarko.
Dinya ta san ni,
kirinjijiya ta san warin hannuna.
Yau jikokin waɗanda na ci nake ƙirgawa:
sha ɗaya, sha biyu,
ɗaya ta nutse, in koma farko.

Da asuba zalɓe ke riga ni zuwa.
Ƙafa ɗaya a ruwa, ɗaya a aljihu,
ba ya amsa sallama,
kamar mai bin tarwaɗa bashi.
Guza ya ja cikinsa kan kututturen giyayya,
ya lashi iska, ya dube ni, ya raina.
Bado na buɗe fararen kwanoninsa
ga baƙin da ba su aiko za su zo ba.

Akwai kada guda, tsoho, mai ido ɗaya.
Yara sun ce ya mutu tun bara.
Ni na ga sawun jelarsa ranar Laraba,
na rubuta: yana nan.
Ban faɗa wa kowa ba.

Gabas da kurmi Labbo ke noman albasa.
Injinsa na tari tun hantsi har la'asar,
yana shan ruwan da kwaɗi ke kwana ciki.
Na ce, Labbo, rage.
Ya ce, Nomau, kwaɗo zai aurar min da ɗa?
Ban sami amsa ba.
Muka raba goro, kowa ya koma bakin aikinsa.

Gauraka huɗu na tarar shekarar da na fara.
Suna rawa a cikin burugu,
tukkunsu kamar an tsoma a zinariya.
Bana ɗaya ta sauka.
Ta yi kira, fadama ta mayar mata da muryarta,
ta sake kira.
Na daɗe riƙe da biro.
Ɗaya lamba ce mai sauƙin rubutu,
amma hannuna ya ƙi.

In bazara ta tsananta,
tabki ya tsage kamar dugadugina,
na kan zauna inda laka ta bushe.
Na san gaiwa na ƙarƙashina,
ta naɗe, ta yi shiru, tana jiran hadarin gabas.
Ba ta cikin littafi.
Wa zai ƙirga abin da ya haƙura a ƙasa?

Magariba ta yi.
Belbela na dawowa kan kanya, fari bisa fari.
Injin Labbo ya yi shiru.
Sai kwaɗi suka karɓi gadi,
ni kuma na nemi takalmina.