Ƙeyar Farfesa

A Sheffield ruwan sama ba ya sallama,
shigowa yake yi kamar mai bin bashi.
Ofishina yana hawa na huɗu,
a ƙofar an rubuta aikina da dogon Turanci.
In an tambaye ni a gida sai in ce,
malamai nake koya wa koyarwa.
Inna ta yi dariya a waya har da tari,
ta ce, "Talatu, wanzami fa ba ya son jarfa."

Wata Litinin yarinya ta shigo,
Niamh, 'yar aji biyu,
na'urar ji maƙale a bayan kunnenta.
Ta buɗe littafinta a kan teburina.
Shafin farko cike, na biyu rabi,
na uku layi huɗu, sai fari fat.
Ta ɗora yatsa a inda rubutun ya mutu,
ta ce, "Nan ne ya juya ga allo.
Leɓensa nake karantawa,
ƙeya kuwa ba ta da leɓe."

Farfesa Whitlock.
Shekara talatin da ɗaya yana koyar da
yadda gada ke ɗaukar nauyi.
Muna da takardar ƙa'ida, shafi arba'in,
ban taɓa ganin wuyan da ya juyo saboda ita ba.
Sai na roƙe shi aron minti goma,
ƙarfe bakwai na safe, zauren babu kowa.
Na zaunar da shi a layin ƙarshe,
na ba shi auduga ya toshe kunnuwa,
na ba shi baya,
na yi ta gaya wa allo yadda kakata ke gina rumbu,
duwatsu a ƙasa, laka da ciyawa, ciki mai faɗi.
Da na juyo ya ce, "Ban kama komai ba."
Na ce, "Kai minti goma.
Ita wata bakwai."

Kunnuwansa suka yi ja kamar gauta.
Ya ɗauki lemarsa ya fita.
Mako biyu in mun haɗu a matakala
sai ya hau duba takalminsa.

Daga baya na leƙa ajinsa ta taga.
Ya manna jan ƙyalle a gefen allon,
duk sanda idonsa ya faɗa kansa
sai ya ajiye alƙalami, ya juyo gaba ɗaya,
a hankali, kamar tsohuwar ƙofar zaure.
Yakan manta. Yakan tuna.

Na ji daɗi, har na sa a rahoton shekara.

To, akwai taron da nake yi wa malamai
duk Alhamis, ƙarfe biyar na yamma.
Rukhsana ba ta taɓa zuwa ba.
A gefen sunanta na rubuta da hannuna:
ba ta da sha'awa.
Ran nan na gan ta a tashar tarago,
yaro a dama, yarinya a hagu, jakar takardun jarrabawa a kafaɗa.
Na ce, "Ba ma ganinki."
Ta ce, "Biyar nake ɗauko su.
Kuma ni awa-awa ake biyana,
awar taronki ba ta cikin lissafi."
Ta faɗa ba da faɗa ba,
tana gyara wa yaron hula.

Laifi tudu ne, garin nan kuwa duk tuddai.
Na hau nawa a ƙafa har gida, ruwa na dukana,
na kai hannu na shafa bayan kaina.
Ashe ni ma ina da ita.

Na mai da taron sha biyu na rana.
Kuɗin awar kuwa, ina nan ina ja da mai baitulmali,
ya ce in dawo bayan Ista.
Jiya Niamh ta wuce ta ɗaga min littafin.
Har yanzu da giɓi a shafi na uku,
amma yatsa biyu ya isa ya rufe shi.