Ƙasar Waje Kafin Azahar

Mun shaida wa unguwa za mu ƙasar waje karatu.
Inna ta daka yaji, ta ƙulle mini a leda,
Badamasi ya sayo rigar sanyi ta gwanjo,
Lurwanu ya aro akwati mai taya,
Tasi'u ya yafe bashin da yake bin kowa.
Muka bar Malumfashi da kiran assalatu,
ashe ƙasar wajen ba ta kai azahar ba.

A Magama aka duba mu, a Ɗan Isa aka sake.
Igiya ce a gicciye, da ganga, da inuwar bedi.
Jandarma ya juya fasfona kamar mai duba haƙorin rago,
ya yi Faransanci, na yi zuru, ya yi dariya:
"Kai yaro, hwaɗi sunanka mu ji."
Na faɗa, ya buga hatimi, na zama baƙo.
Na leƙa ta taga in ga abin da ya sauya:
gero ne dai, ya fid da kai, irin na gonar Baba,
ga wata akuya ta tsallaka ba ta nuna wa kowa takarda ba.

Maraɗi ta tarbe mu da rana a tsakar ka.
Mai canji ya ƙirga damin nairarmu da yawu,
ya miƙo 'yan takardu da ba su cika tafin hannu ba.
Tasi'u ya ce, "Malam, saura?"
Ya ce, "Samari, ku gaida gida, babu saura."

Acaɓa muka kira, kabu-kabu ya tsaya.
Mai shayi ya yanko burodi dogo kamar sandar kiwo,
ɓawonsa ya kankare mini dasashi, cikinsa auduga.
Ya ce dala arba'in.
Badamasi ya dafe ƙirji, ya fara lissafin Amurka,
gumi na bin gashin rigar sanyinsa,
sai da wani yaro ya tsinci kuɗin a tafinsa,
ƙarfe biyu, ya ce, "Ga su nan, ka biya."

A ƙofar makaranta, wadda suke ce wa lakwal,
mai gadi ya ce mu zauna, mushe na nan tahe.
Lurwanu ya toshe hanci tun kafin wari ya iso.
Sai ga malami da farar riga da tabarau,
da ransa, da lafiyarsa, yana ta murmushi.
Dariyar da muka haɗiye ta kusa kashe mu.

Da na je inda ba na jin komai, da na san matsayina.
A nan ina jin tara cikin goma,
ta goman ce ke ja mini ƙafa in faɗi.
Harshen Inna ne, amma an ɗinka masa wata riga,
ina gane fuskar, ina ɓata a aljihu.

Da la'asar a Mokoyo wani tsoho mai saƙar tabarma
ya tambayi garinmu, muka ce ƙasar Katsina.
Bai ɗaga kai daga kabarsa ba, ya ce,
"To, mu ma can muka baro, kun dai daɗe ba ku biyo mu ba."

Dare ya yi, mun shimfiɗa katifa biyu mu huɗu.
Tasi'u na sake ƙirga sefa a hasken waya,
Badamasi ya yi matashi da rigar sanyi.
Inna ta kira, muryarta na yankewa:
"Yaya ƙasar wajen? Suna da kirki? Me kuka ci?"
Na ce fura. Ta ce, "Fura?" Na ce a nan hura ce.
Ta yi shiru, ta ce, "To, ka ci da yajinka."
Layi ya katse.
Na kwance ledar, na sansana,
sai a sannan garin ya yi mini nisa.